Kafin a cinna wa littattafan wuta, a saurari mai wankan gawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina rubuto maka ne daga Aboabo, cikin Zangon Kumasi. Na koyar a makarantar firamare shekara 31 kafin in ajiye aiki, kuma tun ina da ƙuruciyata nake bin gwaggona wankan gawar mata, har Allah ya karɓi abarsa aikin ya dawo hannuna. Ina roƙon ka sakaya sunana. In ka karanta zuwa ƙarshe za ka ga dalili.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rubutun da wani bawan Allah ya yi a shafinku na adabi, inda ya nemi a raba 'ya'yanmu mata da littattafan da ke yawo a waya, musamman masu taɓo zancen maɗigo. Har ya sako littattafan Turawa na binciken kisan kai waɗanda jarumarsu 'yar maɗigo ce, ya ce duk kanwar ja ce, a tara su a cinna musu wuta. Rabin maganarsa na yarda da ita. Akwai abin da ake sayarwa a WhatsApp da sunan labari wanda babu komai cikinsa sai batsa, na taɓa karɓar wayar jikata na karanta shafi biyu, ranar ko tuwon dare ban iya ci ba. Amma littattafan binciken da ya haɗa da su, ga dukkan alamu bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ni na karanta guda bakwai, kuma ɗaya daga cikinsu ya hana ni barci har aka kira assalatu.

Ɗan ƙanena da ke zaune a Bronx, a birnin New York, yakan aiko mana da ganga cike da tsofaffin kaya kafin azumi. Ya san ina son karatu, sai yakan cusa littattafan da ya tsinta da araha a tsakanin takalma da barguna, ba tare da ya duba abin da ke ciki ba. Ta haka suka shigo ɗakina. Da na fahimci wace ce jarumar a littafin farko, na rufe shi na jefa ƙarƙashin gado, ya yi wata guda a can. Abin da ya sa na sake ciro shi, gaskiya, so nake in san wanda ya yi kisan.

Irin wannan rubutu ya yi ƙarfi ne a Amurka da Birtaniya a shekarun 1980. Manyan kamfanonin buga littattafai ba su cika karɓarsa ba a lokacin, sai mata suka kafa nasu ƙanana, kamar Naiad Press da aka buɗe a 1973. A 1984 Barbara Wilson ta fito da jarumar da ke aiki a wata maɗaba'a a Seattle, a 1987 Val McDermid ta ƙasar Scotland ta fito da 'yar jarida, a 1989 kuma Ellen Hart ta fara jerin labaran Jane Lawless, mai gidan sayar da abinci a Minneapolis. Ita Ellen Hart ɗin, a 2017 ƙungiyar marubuta labaran bincike ta Amurka ta ba ta lambar girmamawarta mafi girma. Kuma a tuna, sai a 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin jihohin da ke hukunta irin wannan tarayya, wato matan nan sun fara rubutu ne a zamanin da a wasu jihohinsu ma abin laifi ne.

Tsarin labaran kusan ɗaya ne. Tun a farko za a tsinci gawa. 'Yan sanda su ce hatsari ne, ko ita ta kashe kanta. Dangi sun ƙosa a rufe maganar. Sai wata mace da ba ta da kaki, ba ta da bindiga, ba ta da ikon kama kowa, ta ce wannan bayani bai zauna mata ba. Makaminta kunne ne da haƙuri, da kuma yadda mutane ke sakin baki a gabanta don ba sa ɗaukar ta a bakin komai. Marubuciyar kuma tana da ƙa'idar da ba ta karyawa: duk wata alama da jarumar ta gani, kai ma mai karatu an nuna maka ita, in ka yi sakaci ka wuce laifinka ne. Ba mafarki, ba aljani, ba boka. In aka bi sawu har ƙarshe, galibi cikin gida ake ƙarewa: wasiyyar da aka ɓoye, ɗan da aka haifa a waje aka ce wa duniya ƙane ne, 'yar da aka kora aka ce ta tafi karatu.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa wannan jarumar ta fi wasu hango abin da gida ke rufewa, sai a littafi na uku na gane. Ita kanta sirrin gidansu ce. Ta zauna cikin 'yan uwa ta ji mahaifiyarta tana shirya wa baƙi ƙarya a kanta, ta san yadda murya ke canzawa idan an zo wurin da ba a son tambaya. Wanda aka taɓa ɓoyewa ya san inda ake ɓoye abu.

Ni Musulma ce, na san abin da malamanmu suka faɗa game da maɗigo, ban zo jayayya da su ba, ban kuma zo halatta wa kowa komai ba. Abin da ya kawo ni wani abu ne da ya faru a hannuna, wanda littattafan nan suka tono bayan na binne shi shekara da shekaru.

Shekara 11 ke nan. Da damina ne, an kwana ana ruwa. Da hantsi aka aiko a kira ni wani gidan haya, ba a unguwarmu ba, irin gidajen nan masu ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Yarinya ce da ba ta wuce shekara 23 ba, aurenta shekara biyu, ba ta haihu ba. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da ita kwana biyu, da asuba ta cika. Mu uku muka shiga, ni da wata dattijuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba, da mai miƙo mana ruwa. Uwar mijin ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe labule, tana ta cewa mu yi da jiki, maza na so a kai ta kafin azahar.

Wanda ya daɗe a wannan aiki hannunsa ya san wasu abubuwa ko bai je makarantar likita ba. Gawa takan fara sandarewa daga muƙamuƙi da wuya, a hankali abin ya sauka har ƙafafu, kuma yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya gama jiki. Wannan da aka ce ta cika da asuba, da ƙyar muka miƙar da gwiwarta. Na kuma saba ganin duhu-duhu a bayan gawa da ƙasan cinyoyi, inda jini ke kwanciya bayan rai ya fita, wannan ba ya tayar mini da hankali. Amma da na kwance ɗankwalin da aka ɗaure mata haɓa da shi, wanda aka naɗe har ya rufe wuya, sai ga tabo a gaban wuyan, ɗaya babba ta dama, ƙanana jere ta hagu. Na ɗaga fatar idonta don in gyara rufinsa, farin idon cike da ɗige-ɗigen ja kamar an yayyafa garin barkono. Farcen yatsarta na tsakiya ya karye har cikin nama.

Na ɗago kai na dubi dattijuwar. Ita ma ta gani, na san ta gani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, zuba ruwa."

Na zuba. Muka wanke ta sau uku, na ƙarshe da kafur, muka yi mata kitso uku, muka sa ta a likkafani. Kafin ladan ya kira azahar an ɗauki makara.

Ni ba likita ba ce, ba zan dafa Alƙur'ani in ce ga wanda ya yi mata wani abu ba. Amma sai bayan shekaru, a cikin ɗaya daga littattafan gangar nan, na karanta inda likitan binciken gawa yake bayyana wa jarumar cewa ɗige-ɗigen ja a cikin ido na daga alamun da ake dubawa idan ana zargin an shaƙe mutum. Na ajiye littafin a kan cinyata, jikina ya ɗauki rawa. Abin da na gani da idona ne aka rubuta.

Ranar sadakar uku wata yarinya ta zo, ƙawar mamaciyar, tare suke da ɗan shagon ɗinki. Idanunta sun kumbura. Ta zauna a gefen tabarma har aka shafa fatiha, sannan ta yi magana a gaban mata, muryarta ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji. Ta ce bayan sallar isha'i a daren sun yi waya, lafiyarta lau, har suna shirin sammako zuwa kasuwar Kejetia sayen yadin anko. Ta ce wane asibiti aka kai ta, ina katin, wane magani aka ba ta? Tambayoyi uku ke nan, kuma duk wanda ke wurin ya san suna kan hanya.

Ƙanwar mijin ce ta miƙe. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Cewa ta yi, "Ke har kina da bakin magana a gidan nan? Ko so kike mu faɗa wa jama'a abin da ke tsakaninki da ita?" Ta kuma faɗi kalmar, ƙarara, a gaban tsofaffi da yara.

Malam Edita, wurin ya yi tsit, kuma daga wannan lokaci ba wanda ya sake tuna katin asibiti. Zance ya koma kan su wa aka gani sun rufe shago da rana, wa ya taɓa jin me. Cikin mako guda mata suka bi suka karɓe yadukansu daga shagon, ɗinkakke da wanda ba a taɓa ba. Mai shagon ya ce yana son wurinsa. Mahaifin mamaciyar, talaka mai gadi, da aka raɗa masa cewa in ya tayar da magana sunan 'yarsa ne zai ɓaci a kabari, sai ya ce ya bar wa Allah. Abin da ke tsakanin yaran nan biyu, ko akwai ko babu, ba wanda ya kawo shaida a kai, kuma addininmu bai ɗauki jifan mutum da irin wannan zargi da wasa ba. Amma kalmar ta yi aikin da aka aike ta: ta rufe bakin mutum ɗaya tak da ya yi tambaya.

Daren da za ta bar garin ta zo gidana. Ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, ta ƙi hawa kujera. Ta ce, "Mma, ke kika wanke ta. Don girman Allah me kika gani?"

Na ce, "'Yata, na ga baiwar Allah ta cika da kyau. Ki yi ta yi mata addu'a."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce na gode, ta tashi. Na ji an ce ta koma Accra wajen Madina, daga nan labarinta ya yanke.

Na kare kaina da abin da gwaggo ta koya mini tun ranar farko, hadisin da ke cewa wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri Allah zai gafarta masa sau arba'in. Da wannan muke aiki, kuma gaskiya ne, abin da muke gani a ɗakin wanka ko mazajenmu ba ma faɗa wa. Sai da na kasa jurewa na je wurin wani malami dattijo a Asawase, na ba shi labarin ba suna ba unguwa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, suturar da aka umarce ki da ita ta aibin mamaci ce. Tabon da wani ya yi masa ba aibinsa ba ne, haƙƙinsa ne." Ya karanto mini ƙarshen aya ta 283 a Suratul Baƙara, inda Allah ya hana ɓoye shaida, ya ce wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Na fito daga zauren ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Ba rashin doka ne ya kashe maganar ba. Tun 1960 Ghana ke da dokar da ta ce mutuwar fuju'a ko wadda ake shakka a kanta a sanar da 'yan sanda, alƙalin majistare ya ba da umarnin a duba gawar. Tun 2007 akwai dokar hana cin zarafi a cikin gida, akwai kuma sashen 'yan sanda na musamman da ake kira DOVVSU. Amma mu mutanen Zango muna tsoron a kai mana mamaci firij ya kwana, muna tsoron a yanka shi, don haka muke gaggawa, kuma gaggawar sunna ce mai kyau. Sai dai wanda ke da abin ɓoyewa shi ma ya san da ita. Tsakanin fitar rai da rufe kabari sa'o'i kaɗan ne, kuma a cikin sa'o'in nan ba mai ganin jikin mace sai mu biyu ko uku.

Yanzu kalmar nan ta ƙara nauyi. A watan Fabrairun 2024 majalisar dokokinmu ta zartar da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku ga wanda ya bayyana kansa a cikin masu wannan hali, Shugaba Akufo-Addo ya sauka a Janairun 2025 bai sa masa hannu ba. A Najeriya kuwa tun 2014 doka ta tanadi shekara 14 ga auren jinsi. Kowa da ra'ayinsa a kan waɗannan dokoki, ba shi ne zancena yau ba. Abin da na sani shi ne tun da aka fara muhawarar, na ji mata biyu a lokuta daban-daban ana yi musu barazana da wannan zargi a kan rigimar da ba ta da alaƙa da shi, ɗaya a kan rabon gado, ɗaya a kan kuɗin adashi.

Shi ya sa nake ganin marubucin shafinku ya yi kuskuren maƙiyi. Marubutanmu mata ba matsorata ba ne. Tun shekarun 1980 irin su Balaraba Ramat Yakubu suka rubuta auren dole da wulaƙancin gidan miji lokacin da faɗin haka ke jawo zagi. A 2007 an ƙone littattafai a Kano, rubutu bai mutu ba, waya ya koma. Ƙorafina da su daban ne. Idan aka yi kisa a littafin Hausa, ta yaya asiri ke tonuwa? Ko wata ta yi mafarki, ko wanda ya yi kisan ya haukace ya shiga kasuwa yana tona kansa, ko ya kira dangi a gadon mutuwa ya faɗa. Mai karatu ya rufe littafi da darasin cewa nasa shi ne ya zauna ya jira. Ni ma abin da na yi ke nan, na jira shekara 11, ba wanda ya haukace. Idan kuma aka sako 'yar maɗigo, kullum wata hajiya ce mai mota da gwala-gwalai da ke farautar 'yan makaranta, a ƙarshe ciwo ya kama ta. Ban taɓa cin karo da tela mai keke ɗaya da ta yi tambaya uku a gidan makoki aka kore ta daga gari ba, alhali ita na gani da idona.

Kuma wa ya fi mu kayan irin wannan labari? A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙin da ba su da takardu kwana 14 su bar Ghana. Ina ƙarama amma ina tuna motocin katako cike da kaya da mata suna kuka. Mutane sun bar gidaje amana a hannun maƙwabta, wasu sun bar 'ya'ya, wasu sun canza suna da asali don su zauna. Har yau a Zangon nan akwai gidan da masu karɓar hayarsa ba su ne magadansa ba, kuma tsofaffi sun sani. Ga fataken goro da ke da iyali a Kumasi, wani iyalin a Kano ko Sakkwato, ba su san juna ba sai ranar rabon gado. Kwei Quartey, haifaffen Ghana, ya nuna da Turanci cewa mace mai bincike a Accra tana ɗaukar littafi tun daga 2020 da ya fara labaran Emma Djan. Namu da Hausa nake jira, kuma ba sai an ba jarumar ofis ba. A ba ta kitso, ko tallan koko da ƙosai, ko unguwar zoma, ko wankan gawa. A bar ta ta lura, ta ƙirga sa'o'i, ta tambayi mai kemis, ta haɗa magana da magana. In marubuciya ta ga dama ta sa mai gaskiyar ta zama wadda unguwa ke nunawa da baki, kada a ce ta yi tallan alfasha. Yarinyar da ta karanta irin wannan littafi, ranar da aka yi yunƙurin rufe mata baki da sunan wata, za ta gane dabarar.

A nawa ɓangaren, ga abin da na iya. Mata biyu nake koya wa aikin yanzu. Na gaya musu in suka buɗe mayafi suka ga abin da bai yi kama da ciwon da aka faɗa ba, su mayar da mayafin, kada ruwa ya taɓa jikin, su kira ni mu kira liman. Sau ɗaya hakan ta faru, bara waccan. Aka kai gawar asibiti, likita ya duba ya ce ciwon jini ne ya fitar mata da tabon, ba hannun kowa. An binne ta washegari, danginta sun yi wata biyu ba sa amsa gaisuwata. Na ɗauka, kuma in ta sake faruwa haka zan sake yi.

Mijin waccan yarinyar ya sake aure, yana da 'ya'ya. Mukan haɗu a wajen ɗaurin aure ko suna, ya rusuna ya ce, "Mma, ina wuni," in amsa.

Na san jaridarku tana isa Nima da Madina ta waya. In Allah ya sa wannan ta kai ga telar nan, za ta gane kanta. 'Yata, abin da na faɗa miki a bakin ƙofata daren nan ba gaskiya ba ne. Tambayoyinki uku suna kan hanya, ni ce na ji tsoro. Ina nan a gidan da kika sani, ɗaki na biyu bayan famfo. In kin zo zan gaya miki abin da na gani, in kuma kina so mu je a rubuta shi a gaban hukuma, zan sa mayafina in bi ki.

Wassalam.

Tsohuwar malamar makaranta,
Aboabo, Kumasi.